Tambayoyinku kan mota: Famfon mai yakan yi gargaɗi kafin ya mutu

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonnin da suka fi yawa duk kan famfon mai ne, wasu sun san shi ne matsalar wasu kuma sun dai faɗi abinda motar ke yi, toh na haɗa su waje ɗaya.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni malamar makaranta ce a Zariya, ina da Honda Accord 2005. Kwanan nan ina jin wani kuka siriri ta wajen kujerar baya kamar kukan sauro amma ya fi ƙarfi, da safe kuma sai na daɗe ina murza makulli kafin ta tashi. Ranar nan ta mutu min a gosulo da rana tsaka, muka tura ta gefe, bayan kamar minti ashirin na murza ta tashi lafiya lau kamar ba ita ba. Makanike ya canza fulogi, ya canza koyil ɗaya, an wanke nozul, kuɗi na ta tafiya amma abin na nan. Dan Allah me ke damun motar nan?

AMSA: Malama sannu, mutuwar mota a tsakiyar titi da rana ba ƙaramin tashin hankali bane. Abubuwa ukun nan da kika lissafa, kuka ta baya da wahalar tashi da mutuwa in ta ɗau zafi, idan suka haɗu a mota ɗaya wajen da nake fara zargi shine famfon mai. Amma kar ki je ki sayo tukunna, bari ki ji yadda yake aiki saboda ki iya yiwa makaniken tambaya da kanki.

A motoci masu nozul irin taki, wato 'yan bakunan da ke fesa mai cikin inji, famfon yana cikin tankin mai ne, a nutse cikin fetur. Ɗan ƙaramin inji ne mai aiki da wutar batir, a gindinsa akwai wata 'yar rariya mai tace datti, shi kuma yana tura mai ta bututu har gaban mota da ƙarfin da nozul ke buƙata, a irin motarki wajen 50 psi ne a ma'aunin ƙarfin turi. Kamar dai injin burtsatse da ake zurawa cikin ruwa, abinda yake turawa shi ke sanyaya shi kuma shi ke masa man shafawa. Idan ya tsufa ko rariyar ta toshe sai ya riƙa wahala, wahalar nan ita ce kukan da kike ji. Lafiyayyen famfo ma yana da sauti amma ƙasa ƙasa ne, sai kin kasa kunne. Wanda kike ji kina zaune a gaba injin na aiki har da rediyo, wannan kam ya fara gajiya.

Wahalar tashi da safe kuma, a bakin famfon akwai wani ɗan bawul da aikinsa hana mai komawa tanki bayan an kashe mota. Idan ya daina riƙewa, cikin dare man da ke bututu duk sai ya zurare baya, da safe sai famfo ya sake cika bututun kafin injin ya samu abinda zai kama. Ga gwajin da za ki yi gobe da safe ba ko sisi: ki murza makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa amma kar ki tada, ki saurara, za ki ji zuuu na kamar daƙiƙa biyu daga baya sai ya yi shiru. Ki kashe ki sake, kamar sau uku, sannan ki tada. In ta tashi nan take saɓanin yadda ta saba, toh man ne ke komawa. Masu Toyota ku lura, da yawa daga cikin tsofaffin Corolla da Camry ba sa kunna famfo sai an murza kik, saboda haka rashin jin wannan sautin a wajenku ba hujja bane, na sha ganin an cire famfo mai lafiya saboda wannan.

Mutuwar da ta yi a gosulo ita ce ta fi damuna. Famfon da ya ci ya cinye in ya yi zafi yakan tsaya, ya huce ya ci gaba, shi yasa bayan minti ashirin ta tashi. Sai dai fa ba shi kaɗai ke yin wannan halin ba, akwai sensar kiranshaf, mai gaya wa kwamfutar mota yadda inji ke juyawa, da ita ma ke ɗaukewa in ta yi zafi, akwai rilay ɗin famfon, wato ɗan makunnin da ke sakar masa wuta, tsofaffin Honda na shekarun 1990 ma sun shahara da wannan matsalar ta rilay. Yadda za ki bambance: duk sanda ta sake mutuwa, kafin ta huce, ki murza makulli ki saurari bayan. In shiru ne babu zuuu, famfo ne ko wutar da ke zuwa masa. In yana kuka yadda ya saba amma motar ta ƙi tashi, a duba wuta a fulogi da sensa.

Abinda nake so ki nace a kai a gareji shine a auna. Akwai geji na auna ƙarfin mai, ana haɗa shi da bututun a ga lamba da ido, a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, nawa yake, in an taka totur yana faɗuwa ko yana tsaye, in an kashe mota allurar tana riƙe ko tana sauka nan da nan. Aikin bai fi minti talatin ba. Gaskiya abin na ɓata min rai yadda ake canza kaya ɗaya bayan ɗaya da sunan gwaji alhali kuɗin wani ne. Ba wai makanikan namu basu iya aiki bane, da yawansu kunnensu ya fi kwamfuta, amma kunne ba ya faɗin lamba. Idan naki bashi da geji ki ce masa "Oga dan Allah a aro, ko ka raka ni inda ake da shi". Sa'arki ɗaya a Accord ɗinki ba sai an sauke tanki ba, akwai murfi a cikin but da ake buɗewa a zaro famfon. Kafin a gyara kuma ki haƙura da doguwar tafiya, motar da ta mutu tana gudu sitiyarinta yana yin nauyi, birki ma taku ɗaya ko biyu ne sai ya sandare.

TAMBAYA: Oga ni direban haya ne, Golf 3 nake ja Jos zuwa Akwanga. A shimfiɗaɗɗen titi lafiya take, amma in na zo Hawan Kibo da lodi sai ta riƙa shaƙewa tana fizga, na taka totur har ƙasa ba ta amsawa. Wani lokaci in ta ƙi tashi yarona yana bubbuga tanki sai ta tashi. Abokai sun ce kulochi ne.

AMSA: Ɗan'uwa ba kulochi bane. Kulochi in ya cinye injin zai yi ta ihu allurar tana hawa amma motar ba ta gaba. Naka injin ne da kansa ke shaƙewa, yunwa yake ji. A silo da tafiyar shimfiɗa mai kaɗan injin ke sha, ko famfo mai rauni zai iya ciyar da shi, amma a hawa da fasinja da buhuna a but nan ne ake neman mai da yawa lokaci ɗaya, nan rauni ke fitowa. Haka yake yi in ka fito za ka wuce tirela, kuma wallahi nan ne wajen da ke bani tsoro, ka fito hannun wasu mota ta ƙi ja.

Fara da abu mai arha. Golf ɗinka tana da filtar mai a waje, a ƙarƙashin mota kusa da tanki, yaushe rabon da ka canza ta? Filtar da ta toshe tana yin wannan alamar sak, kuma ita ke kashe famfo a hankali saboda yana ta turi a ƙofar da ba ta buɗe ba. In an cire a juya ta a zazzage cikin farin roba, abinda zai fito zai gaya maka halin da tankinka ke ciki.

Amma bugun tankin nan da yaronka ke yi ya riga ya faɗi magana. A cikin famfon akwai wasu 'yan gawayi guda biyu da ke gogar wajen da wuta ke shiga, in sun cinye sai famfon ya tsaya a gurbin da wuta ba ta kamawa, girgizar bugun ce ke sa su sake taɓawa. Dabara ce ta kai mota gareji, ba ta ci gaba da lodi ba, ranar da zai ƙi amsa bugun ba zai yi shawara da kai ba. Kuma in za ka saya ka kula, Golf 3 iri biyu ne a wajen mai. Akwai mai nozul ɗaya a sama da ke kama da kafireta, wannan ƙarfin da take so wajen bar 1 ne (bar ma ma'aunin ƙarfin turi ne kamar psi), akwai mai nozul huɗu da ke son wajen bar 3. Ka saka famfon ta farko a ta biyu za ta tashi lafiya amma a hawa za ka koma gidan jiya, sai ka ce an sayar maka da jabu alhali ba nata bane kawai.

Wani abu kuma, injin da ke aiki da ƙarancin mai yana zafi fiye da ƙima a ciki, in ka daɗe kana tilasta shi a hawa yana iya ƙona maka bawul, kaga an bar maganar famfo an koma buɗe inji.

TAMBAYA: Wai da gaske ne tafiya a rizab na kashe famfon mai ko dai zancen masu gidan mai ne don mu riƙa cika tanki? Ni dai tunda mai ya yi tsada fitilar nan ba ta mutuwa a motata.

AMSA: Da gaske ne Malam, amma ba yadda ake zuzutawa ba. Fitilar ta kama sau ɗaya ka lallaɓa zuwa gidan mai babu abinda zai faru. Matsalar ita ce a mayar da shi ɗabi'a. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 mutane da yawa lita uku lita biyar suke sha, ban ga laifin kowa ba, aljihu ne. Sai dai ɗan man da ke ƙasan tanki saurin ɗumi yake, musamman a zafin Maris da Afrilu ga kwalta na tururi ga salansa a kusa, famfo kuma da shi yake sanyaya jikinsa. In ka sha kwana ko ka taka birki man ya kwaranya gefe sai ya zuƙi iska, ya juya a bushe. Mafi muni shine mai ya ƙare ƙaf kana ta murza makulli.

Maganar da ake yi cewa a rizab ne famfo ke zuƙo dattin ƙasa, ai kullum daga ƙasa yake zuƙa ko tanki a cike yake. Bambancin kawai in man kaɗan ne dattin da ruwan sun fi kauri a cikinsa. Shawarata ka daure sau ɗaya ka kai allurar kwata, daga nan ka ci gaba da shan lita biyar ɗinka yadda ka saba, ka ɗauki kwatan nan a matsayin babu. Man da za ka ƙona a wata bai ƙaru ba ko kaɗan.

TAMBAYA: Yaya ina wuni. Famfo na uku kenan da na saka a Vectra ta cikin shekara ɗaya, kowanne wata uku huɗu sai ya mutu. Na sayi sabo a kwali, na sayi na Baljiyam, duk ɗaya. Yanzu rewaya ya ce zai haɗa min shi dairek da makulli a huta. In yarda?

AMSA: Ƙanena kar ka yarda. Bari in fara da wannan saboda maganar rai ce. Ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutarta, ce ke kunna famfo ta hanyar rilay, kuma da injin ya tsaya take yanke masa wuta. An yi haka ne saboda hatsari, Allah ya kiyaye in mota ta faɗi bututu ya fashe famfo ya daina feso fetur. Wanda aka haɗa dairek zai ci gaba da feshi muddin makulli na kunne, direba kuma ƙila baya cikin hayyacin da zai kashe. Rilay abu ne mai arha, in shi ne ya lalace a canza shi.

Famfo uku a shekara kuma, akwai abinda ke kashe su ba a taɓa shi ba. Na farko tankin kansa. In akwai tsatsa ko laka ko ruwa a ciki, kowane sabon famfo ka zura a ciki zai sha abinda ya kashe na baya. A sauke tanki a wanke a shanya, a saka sabuwar rariya, kar a mayar da tsohuwar don wai an wanke ta da fetur, a canza filta. Na biyu wuta. Soket ɗin da ke kan murfin famfon a duba shi, in ka ga robar ta narke ko ƙarfen ya yi baƙi toh wuta ba ta isa yadda ya kamata, famfon da ke samun ƙasa da abinda batir ke bayarwa yana jan nauyi yana zafi. A sa mita a auna a bakin famfon lokacin da yake aiki, a duba wayar as ɗin ma, wato wadda ke mayar da wuta ta jikin bodi, sau da yawa ita ce ta yi tsatsa inda aka ɗaure ta a bodi.

Na uku inda kake shan mai. Na san wani lokaci dole ce ke kai mutum wajen 'yan bumburutu, amma jarkar da ta kwana a waje cikin ƙura da damina ba ka san me ke ƙasanta ba, in ya zama dole ka sa kyalle mai tsabta a bakin mazurari. Gidan mai ma ba a rasa matsala, kowa ya tuna watan Fabrairun 2022 da aka shigo da fetur mai yawan methanol Najeriya har hukuma ta amsa da bakinta aka janye shi, motoci da yawa sun kwana a gareji a lokacin. In ka sha mai a waje motar ta fara fizga tun kafin ka yi nisa, kar ka zargi famfo, a zuƙo man a kwalba a ajiye a gani, ruwa yana kwantawa a ƙasa.

Sai maganar kayan. Kasuwa cike take da kwalaye masu sunan Bosch da Denso wanda abin cikin bai taɓa ganin masana'antarsu ba, ko a Kofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo akwai na gaske akwai jabu, kuma farashin ne yakan tona asiri. Na Baljiyam kuwa sa'a ce, ba ka san shekara nawa ya yi a wata motar ba. Gwajin da ake yi a shago a taɓa shi da batir ya yi zuuu bai nuna komai ba sai cewa yana juyawa, ƙarfin turinsa sai a geji. Kuma dan Allah a daina wannan gwajin a kan bokitin fetur, tartsatsi ɗaya ya isa. Haka zuba fetur a bakin totur ana murza makulli, mutane sun ƙone fuska a kan wannan. Duk wanda zai buɗe tanki ya cire kan batir tukunna, ba sigari ba janareto a kusa.

TAMBAYA: Salam. Na sayi Camry 2018 'yar Amurka ta Kwatano, ba ta yi wani nisan tafiya ba amma tana rawa a silo, fitilar inji ta kama, sau biyu tana mutuwa. An sa kwamfuta ta nuna P0171. Mota sabuwa haka famfonta zai lalace?

AMSA: Alhaji zai iya, kuma ƙila ba laifinka bane ba na man da kake sha ba. A 2020 kamfanin Toyota ya yi kiranyen miliyoyin motoci saboda famfon mai ƙirar Denso, 'yar farfelar roba da ke cikinsa tana kumbura ta riƙa gogar jikin famfon har ya tsaya. Camry ta wajen 2018 da 2019 na cikin waɗanda abin ya shafa, da wasu Corolla da Highlander da Lexus, Honda ma ta yi nata kiranyen a kan irin wannan famfon. A can kyauta aka canza wa mutane, amma motar da ta yi hatsari aka yi gwanjonta aka loda ta a jirgin ruwa sau da yawa ba wanda ya kai ta. Ka ɗauki lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17 da ke jikin gilashin gaba ta gefen direba, ka saka a shafin kiranye na Toyota ko na hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, wato NHTSA, zai nuna maka ko akwai gyaran da ba a yi ba.

Ita P0171 ma'anarta iska ta fi mai yawa a abinda injin ke ƙonawa. Raunin famfo na kawo ta, amma tiyon iska da ya tsage ko dattin sensar iska ma suna kawo ta, saboda haka lambar kaɗai ba ta yanke hukunci ba. In ka ga P0087 wannan ta fi nuna ƙarfin mai ne ya yi ƙasa. Kuma motarka famfo biyu gare ta, na tanki da wani mai ƙarfi sosai a jikin inji, wannan na biyun ba a kwance bututunsa da ka, ka kai ta wajen wanda ya san irin injin.

TAMBAYA: Ina Maraɗi, ina da tsohuwar Peugeot 504 a-kori-kura ta mahaifina. Baƙin mai yana ƙaruwa maimakon ya ragu kuma yana warin fetur.

AMSA: Taka daban ce da duk na sama. 504 mai kafireta famfonta a jikin inji yake, ba ya amfani da wuta, injin ne ke motsa shi, a cikinsa akwai wata fatar roba da ke sama da ƙasa. In ta tsage fetur sai ya riƙa zuba cikin inji ya gauraye da baƙin mai, shi yasa kake ganin yana ƙaruwa. Kar ka sake tada ta haka, baƙin man da fetur ya tsinka baya riƙe metal, wato ƙarafan da kiranshaf ke juyawa a kansu. A canza famfon, a zubar da baƙin man gaba ɗaya da filtarsa. In an canza warin bai tafi ba a duba kafireta, ƙila ita ke ambaliya.

Masu tambaya kan giyar otomatik da ke jinkirin shiga da safe, saƙonninku sun iso, su za mu ɗauka mako mai zuwa in Allah ya kaimu. In za ku turo ku riƙa faɗin irin motar da shekararta da abinda aka riga aka canza.